Lab ɗin da suka duba naman Hajiyarmu: aiki ya yi, inshora ce ta wahalar da ni

Tauraro 4 na ba wannan lab ɗin, wato ɗakin gwaje-gwaje, cikin 5, kuma ɗayan da na cire ba don aikin likitan ba ne.

Wata biyu da suka wuce aka ciri ɗan nama a wuyan Hajiyarmu, bayofsi suke ce masa, aka ce sai likitan binciken nama ya duba kafin a san ko kumburin mai illa ne. Ni wallahi ban ma san akwai likitan da ba ya ganin mara lafiya ba, shi da madubin ƙara girma kawai. Tunda asibitin na karɓar inshorar Hajiya na ɗauka shi kenan komai ya shiga, ashe ba haka ba ne, sau da yawa kuɗin lab daban ake cajinsa, kuma don asibiti ya karɓi katinka ba lallai inda za su tura naman su karɓa ba. Wata nas ce, Allah ya saka mata da alheri, ta ja ni gefe ta ce ɗan'uwa ka tambaya tun kafin a tura.

Na duba shafin kamfanin inshorar na ga sunan lab ɗin, na kira, wata ta ce eh muna karɓa, da na faɗi ainihin tsarin da Hajiya ke kai sai ta fara kame-kame ta bar ni a layi har na gaji. Kwana biyu ina kai-komo tsakaninsu da kamfanin kafin lambar amincewar inshora da biyan kuɗin ta fito. Nan tauraron ya tafi.

Amma fa aiki sun iya shi. Da na matsa ina son sakamako washegari, likitan lab ɗin da kansa ya zaunar da ni ya ce naman sai ya jiƙu a fomalin, wani ruwan magani mai hana nama ruɓewa, a daskarar da shi cikin kaki, a yanka shi siriri a ɗora kan gilashi a rina, sannan a duba, gaggawa ɓata shi take. Ya kuma gargaɗe ni cewa in ana buƙatar ƙarin rini na musamman in sake tambayar inshora ko ta ɗauka. Kwana 6 takarda ta fito, alhamdulillah ba daji ba ne.

Yayana mai taurin kai ya ce sai wani likitan ya sake gani, na je da fargaba, suka sa na cike fom suka miƙo gilasan ba ko ɓata rai.