Farar fitilar da ke buɗe wa motar asibiti hanya a Minneapolis

Sana'ata tuƙi ce. Tsofaffi nake kaiwa wankin ƙoda a Minneapolis da St. Paul, a jihar Minnesota ta Amurka, don haka rabin yinina a gaban danja yake ƙarewa. Da idon direba zan yi bayanin tsarin da ke buɗe wa motocin gaggawa hanya, kuma tun daga farko ina bayansa ɗari bisa ɗari.

A saman motar kwana-kwana ko ta asibiti akwai wata na'ura mai ƙyafta haske kusan sau 14 a daƙiƙa. A jikin ƙarfen danja kuma an ɗaura wani ɗan baƙin abu, bai fi dunƙulen hannu ba, mai hango hasken tun daga nesa. Da ya hango, sai danja ta bar lissafinta, ta ba layin motar kore, sauran su samu ja. Tsarin da ya fi shahara shi ne Opticom, da kamfanin 3M na nan Minnesota ya fito da shi. Motocin bas ma suna da irinsa, amma nasu roƙo ne: a ɗan tsawaita musu kore. Na motar gaggawa umarni ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne 'yar farar fitilar da ke kusa da danjar. In ta kunnu ta tsaya cak, motar tana kan titin da kake, ko ta bayanka ko ta gabanka. In tana ƙyaftawa, daga gefe za ta ratso. A lokacin sanyi gilashi a rufe yake, hita na ruri, dusar ƙanƙara ta shanye ƙara, wallahi sai ka ga fitilar nan kafin kunnenka ya tsinkayi jiniya. Na sha ganinta a Lake Street ta kwashe dogon layin da ya toshe, motoci suka wuce da kore, motar asibiti ta tarar da fili. Da babu ita, sai dai na gaba ya kutsa cikin ja don ya ba da hanya, kuma a nan ake yin mummunan karo.

Sai dai akwai masu biyan kuɗin wannan alheri. Danjojin babban titi a jere suke aiki, kowace na bin ta gabanta. Da an fizge ɗaya daga jerin, sai ta yi zagaye da dama kafin ta koma daidai. Wanda ke titin gefe yana iya rasa koren da ya daɗe yana jira, in kuma motar kwana-kwana ta biyo ta asibiti, sai a sake sabon lale. Na taɓa zama haka da wata dattijuwa a bayan mota, tana duban agogo don kada lokacinta ya wuce. Ba ta yi ƙorafi ba, cewa ta yi Allah Ya ba na cikin motar lafiya.

Masu tafiya a ƙafa su ne suka fi ba ni tausayi. Ƙa'ida ta hana a gajarta fitilar ruwan ɗorawa, amma ta yarda a datse lokacin tsallaka titi. Mai sanda ko keken guragu yana tsakiyar hanya sai lokacinsa ya ƙare. Wannan kam ya kamata a sake dubawa, musamman a kusa da asibitoci da gidajen tsofaffi.

Wasu marasa tsoron Allah sun riƙa sayen na'urar suna buɗe wa kansu hanya, har aka haramta hakan a dokar tarayya a 2005.

Ɗan'uwa, in kai sabon zuwa ne kana shirin fara tuƙi a nan, ka koyi karanta farar fitilar nan tun kafin ka karɓi lasisi. In ta tsaya cak, ka duba madubi ka raɓe dama. In tana ƙyaftawa, kada ka yi gigin shiga mahaɗar.