Ajin tambaya na ranar Asabar: abin da na gani cikin wata huɗu

Wata huɗu ke nan ina kai autana wani aji da ake yi duk Asabar bayan la'asar a nan Makka, a hawa na biyu na wani gida da ke bayan Shari'ul Mansur. Matan unguwa sun yi ta tsare ni, ko ya ci riyal 150 ɗin da muke biya duk wata, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ta karanta.

Ba ajin hadda ba ne, ba kuma na ƙarin lissafi ba. Yara 12 ne, 'yan shekara 8 zuwa 11, yawancinsu namu, sai Larabawa da 'yan Barma biyu. Ustazar Bahaushiya ce haihuwar nan, kuma abin da take koya musu shi ne yadda ake yin tambaya.

Ranar farko a bakin ƙofa na zauna, don ban yarda in bar ɗana inda ban san abin da ake ɗura masa ba. Ta ɗauko wani kofin shayi da ya taɓa fashewa aka liƙe shi da gam, ta ajiye a tsakiyar kafet, ta ce kowa ya rubuta tambaya ɗaya a kansa. Wani ya rubuta wa ya fasa. Wata ta rubuta nawa aka saye shi. Autana ya daɗe yana taunar bayan biro, can ya rubuta: "In aka canza masa mariƙi da gindi, shi ne dai kofin nan ko ya zama wani?" Ustaza ta kasa tambayoyin gida uku a allo: wadda ido zai amsa, wadda sai an je wurin wanda ya sani, da wadda sai an zauna an yi tunani. Yara suka ɗaga hannu suka zaɓi ta autana. Minti 40 suna kai. Ita kuwa ba ta wuce "Me ya sa ka ce haka?" da "Wa ke da misalin da ya saɓa wa wannan?" Wata 'yar siririya ta ce kakarta ta sa haƙoran roba, amma har gobe kakarta ce. Ɗakin ya yi tsit, na ga ɗana ya goge abin da ya rubuta yana sake wani.

Da aka tashi na tambaye ta inda ta samo wannan salo. Ta ce wani malamin falsafa ne Ba'amurke, Matthew Lipman, ya faro shi bayan ya ga ɗalibansa na jami'a ba su iya kafa hujja ba, har ya buɗe cibiyar falsafar yara a Montclair a 1974. Sai ta ambaci Lani Watson, wadda ta yi digirin digirgir a Jami'ar Edinbura ta kuma yi aikin bincike a Okusfod, kuma tsawon shekaru binciken nata a kan tambaya yake. A ganin matar nan makarantu sun horar da yara su ba da amsa, sun bar koya musu tambaya, alhali iya tambaya mai kyau hali ne na gari da ake reno kamar gaskiya da haƙuri. Son sani kaɗai bai isa ba. Sai mutum ya san me zai tambaya, wa zai tambaya, kuma yaushe.

Nan ne babansu ya ja tunga. Yana jin kalmar falsafa ya ce ba da ɗansa ba, ya je da kansa. Ya karanto wa Ustaza ayar Suratul Ma'ida da ta hana tambayar abin da in an bayyana shi zai ɓata wa mutum rai. Ta ce, "Gaskiya ne, Alhaji, ai shi ya sa muke koya musu bambancewa." Ta tuna masa hadisin da ke cikin Abu Dawud, na mutumin da aka ji wa rauni a ka, abokan tafiyarsa suka ce lallai ya yi wanka, ya yi ya rasu, Manzon Allah (SAW) ya ce me ya hana su tambaya tun da ba su sani ba, ai maganin rashin sani tambaya. Ta ce duk abin da ya shafi hukuncin addini a gida na biyu take sa shi, wato a kai wa malamai. Ta ƙara da cewa makarantun gwamnatin ƙasar nan ma sun sa darasin tunani mai zurfi tun 2021. Bai ce komai ba, amma shi ya biya kuɗin wata na biyu.

Akwai abin da bai yi mini ba. Ɗakin ya yi kaɗan, mukayyif ɗin, wato na'urar sanyaya ɗaki, kuma ba ya ja, yara na fitowa jiƙe da gumi. Wanda ya fi damuna: masu baki suna danne masu kunya. Akwai yarinyar da har yau ban ji muryarta ba, kuma ina ganin ya kamata Ustaza ta riƙa raba su uku-uku kafin a haɗu. Larabci kuma ake yi zalla, don haka yaron da bai daɗe da zuwa daga gida ba zai sha wuya.

Duk da haka zan ci gaba da kai shi. A da in ina girki ya biyo ni da me ya sa, me ya sa, sai in ce ya ishe ni. Yanzu tambayoyin sun ragu, amma kowace sai ta tsayar da ni.

Juma'ar da ta wuce muna gidan surukata. Kowa ya san tana ƙarama iyayenta suka taso da ita daga Kano ta ƙasa, ta Chadi da Sudan, har suka ƙetaro teku daga Sawakin. Iyakar abin da muka sani ke nan. Autana ya matsa kusa da ƙafarta ya ce, "Hajiya, da kuka hau jirgin ruwa, wa kika bari a can da kike so ya biyo ku?" Ta ajiye carbinta. Ta ce ƙanwarta, wadda zazzaɓi ya ɗauke a El Obeid, aka binne ta gefen wata tashar mota. Shekara 19 ina auren ɗanta, ban taɓa jin tana da ƙanwa ba. Shi ma babansu bai sani ba. Har aka kira isha tana ba da labari, yaron na riƙe da gefen mayafinta.