Gargaɗi: miliyan 9 da dubu 400 na biya don Umara da yawon jirgin ruwa, a filin jirgin Kano tafiyar ta ƙare

Salamu alaikum jama'ar Katsina. Yau kwana 19 ina juya maganar nan a raina, in faɗa ko in haɗiye. Kunya ce ta hana ni. To jiya bayan isha'i wani ya turo min sabuwar tallar ejan ɗin Umarar da ya damfare ni a WhatsApp. Ya sake suna, ya sake launin tambari, amma bidiyon jirgin shi ne dai wanda ya nuna min a ofishinsa, har da yaran nan da ke sulalowa cikin ruwa. Wato yana can yana neman wasu. Shi ya sa na ce gara a yi min dariya da in yi shiru.

Naira miliyan 9 da dubu 400. Ku sake karantawa. Miliyan 9 da dubu 400, guminmu ni da yaran shagona, na ɗauka da hannuna na tura wa ɓarawo sau uku, kowane karo ina masa godiya.

Kafin kowa ya ce min wauta ce, ku saurara. Shekara 22 ina sayar da shadda da yadi a babbar kasuwar Katsina. Na je Dubai sarin kaya ya fi sau goma, na aika kuɗi China ban taɓa ganin fuskar mai karɓa ba, ko kwabo bai taɓa salwanta ba. Ni ne mutane ke kawo wa rasit in duba musu ko na jabu ne. Kuma mutumin nan ba a Facebook na tsince shi ba. Wani dattijo da muke majalisa ɗaya ne ya haɗa mu, wanda ya yi Umarar azumi ta hannunsa, ya je ya dawo lafiya, har dabino da zamzam ya raba mana. Ofis gare shi a kan bene, da sanyi, da ma'aikata uku, da takardar hukumar rajistar kamfanoni CAC a manne a bango kusa da hoton Ka'aba. Ku faɗa min, wa zai shiga nan ya ce damfara ce?

Abin da ya sayar min shi ne kwana 7 tsakanin Makka da Madina, sannan dare 4 a cikin babban jirgin ruwa daga Jidda, a zaga Bahar Maliya, a tsaya Sharm el-Sheikh ta Masar, a dawo Jidda. Mu biyar, ni da mahaifiyata Hajiya da maiɗakina da yara biyu, a lokacin dogon hutun makaranta. Duka miliyan 15. Kuma jirgin nan akwai shi, ba ƙirƙira ba ce. Tun 2021 manyan jiragen yawon shaƙatawa ke tashi daga tashar Jidda. Wanda ke cikin bidiyon tsawonsa ya haura mita 300, yana ɗaukar fasinja fiye da 3,000, akwai wurin salla, abincinsu halal ne, babu giya. Ba zan ambaci kamfanin jirgin ba don ba su san da zamana ba balle su cuce ni, hotunansu kawai aka sata. Duk na bincika wannan kafin in biya, na ga gaskiya ne. Abin da ban bincika ba shi ne ko shi wannan mutumin yana da wata alaƙa da su.

Ranar da na fara zuwa, ita ce ke hana ni barci. Muna cikin lissafi aka kira la'asar. Shi ya fara miƙewa, ya ba ni butarsa da silifas ɗinsa, muka yi salla kafaɗa da kafaɗa a masallacin ƙasan benen. Da muka hau na ciro waya zan tura kafin alƙalami. Sai ya ɗora hannunsa a kan nawa ya kife wayar a tebur. Ya ce, "Alhaji, wallahi ba zan karɓi kuɗinka yau ba. Je ka gida ka yi shawara da Hajiya, ka yi istihara. Harkar ɗakin Allah ba a yi mata gaggawa." Har yanzu ina jin sanyin zoben azurfarsa a bayan hannuna. Na sauko daga benen ina cewa a raina yau na ga mutumin kirki. Ɓarawo ya ƙi karɓar kuɗi? A ina aka taɓa yi? Kullum in na rufe ido sai in ga hannun nan yana kife wayata. Da ya karɓa a ranar, wataƙila da na tsaya a miliyan 3. Ƙin karɓar nan ne ya buɗe masa aljihuna gaba ɗaya.

Kuma fa ya ce sauran miliyan 5 da dubu 600 kada in biya sai mun sauka Jidda na ga jirgi da idona. Wa zai ji wannan ya yi zargi?

A Kano abin ya fashe. Mun bar Katsina da asuba a mota biyu, ƙanena ya raka mu. Hajiya a keken guragu saboda gwiwa, ta sa sabon hijabinta fari. Na miƙa fasfo biyar da takardun da ya buga mana. Yarinyar da ke kan kanta ta daddanna kwamfuta, ta sake dannawa, ta kira wani babba. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, wannan ba tikiti ba ne." Na ce ga lamba nan a jiki, na duba ta da kaina a intanet, na ga sunayenmu. Ya ce e, an kama muku kujera, amma ba a taɓa biya ba, kwana kaɗan ta yi ta faɗi da kanta. A nan tsaye, da jama'a a bayana suna jira, aka koya min abin da ya kamata in sani tun farko. Lambar nan mai harafi da adadi guda 6 shaidar kama wuri ce kawai, kowane ɗan ejan zai iya fitar da ita bai biya ko sisi ba. Tikitin da aka biya yana da tasa lambar daban mai adadi 13. A takardunmu babu ita. Bizar ma da aka duba, ta wani ce aka goge suna aka sa namu.

Na manta ban faɗi biya na biyu ba, kuma nan ne ya kamata in farga. Miliyan 3 na farko asusu mai sunan kamfani na tura. Bayan kwana 9, ko 10 ne, ya kira ni da sassafe wai dala na shirin tashi, ɗakunan jirgi masu baranda saura biyu, in tura miliyan 4 yanzu a asusun ɗan canjinsa don a kama farashi. Sunan mutum ne a asusun, ba kamfani ba. Na tsaya, wallahi na tsaya, na ce me ya sa. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji kai ne za a koya wa harkar canji?" Kuma gaskiya ce, mu 'yan kasuwa kullum haka muke yi, a lokacin dala ta haura naira 1,500 kowa na gudun ta ƙara, kuɗin kaya ma ta hannun 'yan canji muke turawa. Da sana'ata ya kama ni. Na tura. Na ƙarshe miliyan 2 da dubu 400 wai harajin tashar ruwa da inshora da kuɗin hidimar ma'aikatan jirgi. Da na tambaya aka ce min lallai jiragen nan suna karɓar irin waɗannan kuɗaɗen. Duk ƙaryar da ya yi sai da ya jingina ta da wata gaskiya. 3 da 4 da 2 da dubu 400. Miliyan 9 da dubu 400.

Na kira shi daga filin jirgi. Ya ɗauka! Ya ce innalillahi, matsalar na'ura ce, in ba shi minti 30 yana magana da Jidda. Muka zauna. Awa ɗaya, awa biyu. Aka kira jirgi, mutane suka shige da haraminsu a jaka, mu muna kallo. Daga nan waya a kashe har yau. Ofis kuwa washegari kwaɗo ne a ƙofa, mai benen ya ce shi ma yana bin sa hayar wata huɗu, ma'aikatan nan uku ba a biya su albashi ba.

Ba kuɗin ne suka fi ci min rai ba, ko da yake miliyan 9 da dubu 400 ba wasa ba ne. Hajiya ce. Mahaifinta a ƙafa ya tafi Makka yana saurayi, irin tafiyar mutanen da, ta Barno, ta Chadi, ta ratsa Sudan, yana tsayawa yana ƙwadago har ya kai Sawakin ya hau jirgin ruwa ya haye zuwa Jidda. Shekaru ya yi kafin ya dawo. Tun muna yara take ba mu labarin yadda ya ce ruwan ba shi da gaɓa, da yadda suka yi ta amai suna kalmar shahada. Da na fara kai mata maganar ta ce, "Kai ɗan nan, mi za ni yi a tsakiyar ruwa da tsufana?" Sai na ce mata ai ruwan da Malam ya haye ne. Ta yi shiru, can ta ce to a je. Sati biyu tana bin dangi sallama, har Daura aka kai ta wurin ƙanwarta, kowa ya ba ta saƙon addu'a. A hanyarmu ta dawowa daga Kano ba ta ce uffan ba sai carbi. Da muka wuce Bichi ta ce, "Allah bai kira mu ba bana, kada ka sa wa ranka." Gara a ce zagi na ta yi. Ƙaramar 'yata kuma har yanzu tana tambaya yaushe za a gyara jirgin, don haka uwarta ta faɗa mata.

Bayan komai ya lalace ne ɗan yayata da ke karatun kwamfuta ya buɗe min wani shafi da ke nuna inda kowane babban jirgin ruwa yake a duniya. Ya rubuta sunan jirgin. Ɗigo ya fito kusa da Santambul ta Turkiyya. Ashe a watannin nan jirgin ma ba ya Jidda, ya koma Bahar Rum yana aiki a can. Minti biyu abin ya ɗauka. Minti biyu! Wani ejan na gaskiya da na je wurinsa daga baya ya ƙara min da cewa bizar Umara shiga ɗaya ce, in ka fita Saudiyya zuwa Masar a jirgin ruwa ba za ka dawo da ita ba, sai da biza mai shiga da fita. Ya ce kuma yawancin ɗakunan jiragen nan mutum biyu zuwa huɗu suke ɗauka, ni kuwa an ce mu biyar ɗaki ɗaya mai baranda. Kuma duk wanda aka yi wa rajistar gaske kamfanin jirgin na ba shi lambar da zai shiga shafinsu ya ga sunansa da lambar ɗakinsa. Na tambayi mutumin nan wannan lambar, na tambaya, ina da saƙon. Ya ce ta rukuni ce, a hannun jagoran tafiya take zama. Na yarda saboda hannun nan da ya kife min waya.

Dattijon da ya haɗa mu ya zo gidana yana hawaye. Ban riƙe shi ba, shi ma da Umarar gaske aka yi tarko da shi. Zuwa yanzu mun gano mu bakwai ne, har da wata malamar makaranta da ta sa kuɗin sallamarta na ritaya. Na kai rahoto banki, aka ce kuɗin ba su kwana a asusun ba, an rarraba su. Mun shigar da ƙara wurin 'yan sanda, lauya kuma ya rubuta wa EFCC. Shi ne ya hana ni sa suna da hoto yanzu don kada a ɓata bincike. Amma rasit uku na banki, da hirarmu ta WhatsApp tun daga ranar farko, da muryarsa yana rantsuwa da Allah, da bizar jabun, duk suna hannuna. Da zarar lauya ya ba ni dama zan saka su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ga fuskarsa.

Masu niyya, takardar CAC a bango ba lasisi ba ce. Ku nemi sunan kamfani a jerin waɗanda hukumar alhazai NAHCON ta ba izini. Kada ku tura kuɗi asusun mutum. Ba lamba mai adadi 13, ba tikiti. Jirgin ruwa kuma ku shiga shafin kamfanin ku ga sunanku da idonku kafin ku ƙara ko naira ɗaya.

Duk wanda ya ga tallar Umara haɗe da dare 4 a jirgin ruwa, mai bidiyon yara suna sulalowa cikin ruwa, ko ya riga ya biya, ya yi min magana ta saƙo a haɗa da takardunsa, ranar Litinin za mu koma wurin lauya. Shi kuma na san zai karanta wannan. Jakar Hajiya tana nan a bakin gadonta ba ta kwance ba, da saƙonnin addu'ar mutane a ciki. Miliyan 9 da dubu 400, da sallar la'asar ɗin da ka yi a gefena, ban yafe ba.