Wasiƙa daga Oaxaca kan sassaƙen alebrijes da yadda ake cinikinsu

Assalamu alaikum Kawu. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyali, ga bayanin da kuka nema game da kayan hannu na Meziko. Na zaɓi sana'ar alebrijes, wato siffofin dabbobin da babu irinsu a duniya, kamar zomo mai fukafukai ko ƙadangare mai ƙaho, domin a cikinta na fi ganin bambancin cinikinsu da namu.

Asalin sana'ar daga birnin Meziko ne, inda Pedro Linares, mai haɗa siffofi da takarda da ƙullun fulawa, ya kwanta rashin lafiya a 1936, ya yi mafarkin waɗannan halittu, ya kuma fara ƙera su bayan ya warke. Gwamnatin ƙasar ta ba shi lambar yabo ta ƙasa a 1990, shekara biyu kafin rasuwarsa. A jihar Oaxaca kuwa da itace ake yin su, kuma Manuel Jiménez na ƙauyen Arrazola ne ya buɗe wannan hanya. Yau a ƙauyen San Martín Tilcajete na wannan jihar da wuya mutum ya wuce gida uku bai ji ƙarar adda a kan itace ba.

Itacen da suke amfani da shi, kofal, dangin hano da dashi ne na wajenmu, har ƙaronsa ma turaren wuta suke yi da shi. Ana sassaƙa shi yana ɗanye saboda laushinsa, da adda tukuna, sannan da ƙananan wuƙaƙe, kuma lanƙwasar reshen ce take gaya wa masassaƙi dabbar da za ta fito. Bayan haka sai a bar shi ya bushe na watanni, a toshe tsagar da ta bayyana, a jiƙa shi da fetur ko maganin ƙwari, a goge da samfefa. Galibi maza ne ke sassaƙa, mata su yi zane, matasan gida su yi guga, kowa na zaune a tsakar gida ɗaya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ake karɓar baƙo. A manyan wuraren aiki, irin na Jacobo da María Ángeles, ana zagayawa da mutum daga inda ake faskara har inda ake zane, ko zai saya ko ba zai saya ba. Na ga wata matashiya ta murje busasshen ƙwaron da ke manne wa wani tsiro mai ƙaya da ake kira nopal a tafin hannunta, ya ba da ja wur. Ta ɗiga lemon tsami ya koma ruwan goro, ta barbaɗa farar ƙasa ya rikiɗe zuwa shunayya. Shuɗinsu kuma daga baba ne, wanda marinar Ƙofar Mata ta sani tun kaka da kakanni. Wanda ya ga wannan da idonsa, idan aka faɗa masa kuɗi, nauyin yin tayin wulaƙanci yake ji.

Farashin ya bambanta ƙwarai. Ƙananan da aka yi wa fentin kanti suna da araha a kasuwannin birnin Oaxaca, amma babban aiki mai ƙananan zane irin na Zapotek, wata ƙabila ta 'yan asalin yankin, wanda kan ci watanni, yana kai dubban peso, kuɗin Meziko. A ƙarƙashin kowane aiki na kirki akwai sunan wanda ya yi shi da sunan ƙauyensa, kuma wannan rubutu yana ƙara masa daraja sosai. A nan ne raina yake sosuwa, domin ƙwaryar da aka yi wa zane ko jakar dukawa da kuke sayarwa a Kasuwar Kurmi ba ta gaza waɗannan a gwaninta ba, sai dai takan bar hannun mai ita ba suna, dillali ya ci riba, mai aikin ya tashi da kuɗin cefane. Manyan shagunan nan Oaxaca kuwa suna karɓar biya da kati, suna cire fukafukai da kunnuwa su naɗe kowanne daban, su aika da kayan har ƙasashen waje.

Ba a rasa matsala ba. Kofal ya yi ƙaranci a kusa da ƙauyukan saboda yawan sara, shi ya sa wasu masu sana'ar suka koma dasa shi da kansu, kuma mai sayen na araha yakan tarar da garin itace a ƙarƙashinsa bayan ɗan lokaci, alamar ƙwaro ya shiga. Na san kuma siffar mai rai ba hajar da za ta shiga gidajenmu ba ce saboda addini, don haka ba zan aiko da ita ba. Zan nemo muku ƙananan akwatunan katako da cokula masu irin wannan zane, domin ku nuna wa masassaƙanmu yadda ake gama aiki da yadda ake sa masa suna. Ku gaishe mini da Inna da sauran mutanen gida.