Hoton Ƙashi na Nukiliya: Abin da Muka Gani da Muka Kai Kawu

Ga mai ciwon daji da ya fara kukan baya ko ƙugu, hoton ƙashi na nukiliya ya cancanci wahalar tafiyar, ko da kuwa daga ƙauyukanmu na yankin Ringim za a taso. Sankarar mama da ta huhu da ta mafitsarar maza sun fi saurin yaɗuwa zuwa ƙashi, kuma hoton eksire na yau da kullum ba ya cika nuna ɓarnar sai ƙashin ya riga ya zaizaye sosai, alhali a gida ana ta shafe-shafen maganin sanyin ƙashi.

A babban asibitin da aka tura kawuna, an yi masa allura ta jijiya mai ɗauke da sinadarin teknetiyam mai fitar da hasken nukiliya da na'ura ke ɗauka, wanda ke bin jini ya taru a duk inda ƙashi ke ƙoƙarin gyara kansa. Daga nan sai jiran kamar awa uku, ana shan ruwa da yawa ana zagayawa, domin ragowar ta fita ta fitsari. Ba a hana shi cin abinci ba. Kafin ya kwanta, ma'aikaciyar ta ce, "Baba, a cire guru da zobe, a fitar da makullan aljihu," domin ƙarfe yana tare hoton. Na'urar ta bi jikinsa a hankali daga kai zuwa ƙafa cikin kimanin rabin awa, babu zafi ko kaɗan.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda likitan ya karanta sakamakon. Ya ga baƙin tabo a ƙwauri, amma bai yanke hukunci ba sai da ya tambaya ko wurin ya taɓa karyewa. Lallai kuwa nan ne maɗori ya ɗora wa Kawu shekarun baya. Tsohuwar karaya da amosanin gaɓɓai duk suna iya fitowa da kamannin cutar, saboda haka wajibi ne majiyyaci ya faɗi tarihin jikinsa dalla-dalla. Tabban da ke ƙashin baya ne suka sa aka sauya masa magani.

Inda aikin ya gaza shi ne wajen samuwa. Cibiyoyin ba su da yawa a Najeriya, ta Asibitin Koyarwa na Ibadan ma sai a 2006 aka buɗe ta. Ƙarfin teknetiyam yana raguwa da rabi duk bayan awa 6, uwar sinadarin da ake tatso shi kuma daga ƙasashen waje ake shigo da ita, don haka jinkirin kaya kan sa a ɗage ranar da aka ba mutum. Mu ma ya same mu, da kuɗin mota da na masauki. A buga waya a tabbatar kafin a bar gida, mai ciki ko mai shayarwa kuma ta sanar da su tun kafin a yi allurar.