Shagon maƙerin bindiga da ya gyara min AR-15 kafin in koma Kalifoniya

Jama'a masu zama a Amurka, musamman wanda aiki zai ɗauke shi daga wata jiha zuwa wata, ga abin da na gani a wani ƙaramin shagon gyaran bindiga a Houston. Ni dai ina da doguwar bindiga samfurin AR-15 ɗaya da nake zuwa filin harbi da ita ranar Asabar, a Texas ba wanda ya taɓa tambayata siffar mariƙinta, sai ga shi an mai da ni Sacramento a jihar Kalifoniya. Wani yayanmu da ya daɗe a can ya kira ni ya ce ƙanena kar ka kuskura ka tsallaka da ita yadda take, a gyara tukuna, don shigo da ita haka babban laifi ne ba wai tara kawai ba.

Mai shagon dattijo ne, ya ɗora ta kan tebur ya cire gidan harsashi ya leƙa ciki kafin ya ce komai, daga nan na ji hankalina ya kwanta. Ya min bayani cewa tun dokar 1999 Kalifoniya take duba wasu siffofi a bindiga mai ɗura wa kanta harsashi bayan kowane harbi wadda ake cire mata gidan harsashi, mariƙi irin na fistol, gindi mai naɗewa ko mai zugewa, mariƙin gaba, da abin ɓoye walƙiya a baki, ko ɗaya aka samu shi ke nan ta shiga jerin haramtattu. Ya ce da can mutane na sa wani ɗan maɓalli da sai da kan harsashi ake danna shi kafin gidan harsashi ya fita, don kauce wa dokar, dokar 2016 ta rufe wannan ƙofar.

Wurin mariƙin ne ya fi burge ni wallahi. Ya ce in riƙe, ya sa yatsa ya nuna min tsakanin babban yatsana da manuni, ya ce wannan wurin doka take kallo, in ya sauka ƙasa da saman kunamar to mariƙin fistol ne. Sai ya sa min mai fiffike, wani faranti ne a baya da ke hana babban yatsa zagayawa. Gaskiya ba daɗin riƙewa, hannu na gajiya kuma kai yatsa ga makullin tsaro ya zama aiki, shi ma bai ɓoye min ba, har ya ƙara min makulli ta ɓangaren dama.

Na baki kuma ya kwance wanda ya zo da ita ya sa mai rage dukan baya kawai, ya miƙo min kwalin ya ce karanta, in kamfani ya rubuta cewa yana rage walƙiya ko da kaɗan ne to a Kalifoniya sunansa abin ɓoye walƙiya, ka ajiye kwalin nan kar ka yar. Ya kuma ja kunnena cewa wannan gyaran na Kalifoniya ne kaɗai, a New York dokarsu ta 2013 ta haɗa har da mai rage dukan bayan. Gindin ya kafe shi da ƙusa, ya ɗauko tef ya auna a gabana ya tabbatar ta wuce inci 30.

Inda ban ji daɗi ba shi ne lokaci, an ce kwana 3 sai da na yi kwana 9 ina kira ba a ɗauka, ga motar kwasar kaya na jira, kuma kuɗin aiki ba su faɗa min duka tun farko ba sai a rasit na ga ƙarin. Ku nemi a rubuta muku farashi da rana kafin ku bar bindigarku.

Amma zan sake zuwa kuma zan tura mutum. Ina fita ya biyo ni har mota ya ce gidajen harsashi masu cin 30 ɗin nan ka bar su a Texas, can 10 ne iyaka, kuma in ka isa kana da kwana 60 ka sanar da ma'aikatar shari'a ta jihar cewa ka shigo da bindiga. A sati na biyu da isata na cike fom ɗin.