Gargaɗi ga kanikawa da masu haɗa mota a Legas: a yi hattara da mai tallar lagireton alminiyam

Assalamu alaikum 'yan'uwa kanikawa, masu walda da direbobi na Agege, Mile 12, Idi-Araba, Alaba Rago da duk inda Bahaushe yake neman abinci a Legas. Akwai wani mutum da ke yawo a zaurukanmu na WhatsApp yana tallar lagireto. Cewa yake na alminiyam ne zalla, mai layi uku, sabo dal daga waje, kuma duk awon da ka ba shi zai kawo maka. Ƙarya yake yi. Ni ya cuce ni, ya jawo mini asarar kan inji, yaron shagona kuma ya ƙone a hannu. Suna da lamba canja su yake yi kamar riga, don haka salonsa zan bayyana muku, shi ne ba ya canjawa.

Ni mai walda ne a Agege. Shekara biyu ke nan ina haɗa wata 'yar mota a bayan shago, mai kujera biyu marar rufi, a kan fasalin Lotus Seven ta Ingila, wadda ta fito a 1957 kuma tun farko a warwatse ake sayar da ita mutum ya je gida ya haɗa. Shasin da hannuna na yanka na haɗa. Injin na Corolla ne, 4A-FE mai lita 1.6, na Beljiyam da na ɗauko a kasuwar kayan mota ta Ladipo. Abin da ke ba kowa wahala a irin wannan mota hancinta ne: siriri ne, lagireton Corolla ba ya shiga ko ta wace fuska ka juya shi. Ga shi kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin man da inji ke ƙonawa ta ruwa yake fita. In ka rage faɗin lagireto, dole ka rama da kauri, wato ƙarin layukan bututu. Wannan bukata tawa na rubuta a zaure ina neman shawara, kuma a nan ya gan ni.

Washegari ya kira ni da Hausa tsantsa, ya gaishe ni kamar mun tashi gida ɗaya. Abin da ya sa na saki jiki da shi, tambayoyin masu sani ya yi mini: faɗin hancin motar, tsayinsa, girman bakin tiyo na sama da na ƙasa, ta wane gefe ruwa ke fitowa daga inji. Ya turo hotuna masu kyau. Muka tsaya a naira 180,000, in ba da 120,000 kafin alƙalami, cikon in kaya sun iso. Da na ga sunan da ke kan asusun bankin ba wanda ya faɗa mini ba ne, sai ya ce na yaron shagonsa ne. Na ce bari in zo shagon in gani da idona, ya ce kayan suna sito a wajen Apapa, ba a barin kowa ya shiga. Sannan ya ce, "Haba Alhaji, a garin mutane muke. In na ci amanarka ina zan sa kaina?" Wannan maganar ce ta rufe mini baki, kuma da ita yake rufe bakin kowa.

Bayan kwana tara ɗan saƙo ya kawo a babur, gab da magariba, yana ta sauri wai yana da wasu wuraren zuwa. Lagireton yana sheƙi, an naɗe shi a leda da kwali. Na auna, awo ya yi daidai. Na tura cikon kuɗi.

Ina so ku san yadda na ɗaura shi, don daga baya cewa ya yi laifin ɗauri ne. A kan roba na zaunar da shi sama da ƙasa, tunda alminiyam in ka ɗaure shi kai tsaye a jikin ƙarfe girgiza tana tsaga shi. A wannan mota lagireto yana ƙasa da kan inji, saboda haka na yi ƙaramin tankin ruwa na kafa shi a wuri mafi tsayi, murfin a kansa, don iska ta samu inda za ta taru ta fita. Na toshe gefe da gefe da farantin ƙarfe yadda duk iskar da ta shigo ta hanci sai ta ratsa lagireto. Fanka na sa ta a baya tana zuƙo iska, na gwada da takarda na tabbatar ba a juye take ba. Tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanyar zuwa lagireto in inji ya yi zafi, ban cire ba, duk da al'adar kanikawanmu ta cire shi a jefar. Na Toyota a wajen digiri 82 yake buɗewa, kuma inji ya fi lafiya da shi. Ruwa ma ba na rijiya ko na burtsatse na zuba ba, tataccen ruwa na haɗa da ruwan sanyaya inji rabi da rabi.

Ranar Lahadi da safe muka fito gwaji a wani layi marar cunkoso ta wajen Oko-Oba. Minti goma sha biyar allurar zafi ta wuce tsakiya tana hawa. Ina shirin tsayawa sai na ga ta sauko, na ce tamostat ne ya buɗe, na ci gaba. Ashe ruwa ne ya zube. Wannan ku riƙe shi da kyau: na'urar da ke auna zafi sai tana cikin ruwa take faɗin gaskiya, in ruwa ya janye ya bar ta a iska allura tana iya sauka alhali inji yana dahuwa. Da muka tsaya yaron ya sunkuya zai leƙa ƙarƙashi, sai gefen tankin lagireton ya ɓalle, tururi ya feshe masa hannu daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu. Yaro ɗan shekara goma sha tara, amanar iyayensa a wurina. Mako uku bai taɓa aiki ba, tabon kuma yana nan. Da na zaro ma'aunin baƙin mai, man ya koma kamar shayi da madara. Gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone, kan inji na alminiyam ya lanƙwashe.

Na ɗauki lagireton na kai wa wani dattijo Bayarabe da ya daɗe yana gyaran lagireto a Mushin. Bai ce komai ba sai da ya sa wuƙa ya kankare fenti. Tankunan da aka ce walda ce ta riƙe su, gam ne aka shafa aka goge aka fesa fenti ruwan azurfa a kai. Cikin kuma layi ɗaya ne, tsohon na wata mota da ta yi hatsari, an yanke shi daidai awona, an ƙara masa firam mai faɗi a gefe don ya yi kama da mai kauri. Bututu goma sha ɗaya ya ƙirga mini waɗanda aka matse bakinsu aka toshe saboda suna yoyo. Na ce, "Baba, da ta yaya zan gane?" Ya nuna mini wani baho cike da ruwa a gefen rumfarsa. Toshe bakunan lagireto ake yi, a hura masa iska da famfo, a nutsar da shi a ruwa, duk inda ke yoyo sai kumfa ta taso. Aikin minti goma ne.

Dalilin da ya sa zuba ruwa kawai a duba ba ya wadatarwa shi ne lagireto a cikin matsi yake aiki. A nan Legas, bakin teku, ruwa a digiri 100 yake tafasa. Murfin da aka rubuta wa 0.9 ko 1.1 yana riƙe matsi har ruwan ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Gam yana iya riƙe ruwan sanyi kwana da kwanaki a kan teburi, amma zafi da matsi in suka haɗu a kansa sai ya saki. Toshewar bututu ma ana gane ta: cika shi da ruwan zafi ka bi fuskarsa da tafin hannu, inda ka ji sanyi ruwa ba ya bi ta nan. Layuka kuma a leƙa ta baki da tocila a ƙirga, kada a auna kauri daga firam. Sabon lagireton alminiyam galibi ba a yi masa fenti ruwan azurfa, launin ƙarfensa ke nan, kuma waldarsa tana fitowa ƙwaya-ƙwaya a jere. In ka ga haɗin sumul kamar an shafa man shanu, ga warin sabon fenti, sa farce ka kankara a gaban mai kayan.

Akwai zagaye na biyu, kuma a nan ya fi cin mutane. Da na kira shi bai musa ba. Ya yi ta salati, ya ce yaransa ne suka yi kuskuren kaya, nawa na gaske yana tashar jirgin ruwa, in ƙara naira 45,000 kuɗin fito da shi a musanya mini. Na ce ya zo Agege da kayan, a gwada a gabana, in ba shi har da kuɗin mota. Daga nan ya juya magana ya ce ɗaurina ne ba daidai ba, da yamma kuma lambar ta daina shiga. Da na ba da labarin a masallaci bayan sallar isha'i, wani direban tirela ya ce shi ma haka aka yi masa da lagireton babbar mota, kuma shi ya biya kuɗin zagaye na biyun.

Wanda abin ya riga ya shafa, kada kunya ta sa ya yi shiru. A garzaya banki da shaidar tura kuɗi tun da wuri, a kai rahoto ofishin 'yan sanda, a ajiye hotunan hira da saƙonnin murya kafin ya goge. Hukumar kare masu sayayya ta tarayya, FCCPC, da ta jihar Legas, LASCOPA, suna karɓar ƙorafi. Ni na kai nawa banki da wurin 'yan sanda, kuma na ajiye lagireton a shago ga duk mai son ya zo ya ga yadda aka yi aikin.

Masu kula da zauruka, don Allah ku duba tallan da ke shigowa. Hoton da yake amfani da shi lagireto ne a kan jan kyalle, an jingina tef ɗin awo a gefensa. A makon jiya na sake ganinsa a wani zauren masu gyaran janareta, da sabuwar lamba da sabon suna.